Kanun Labarin Ƙanena Ya Hana Yayata Zuwa Ganin Mama

Goggo Hansai, don girman Allah ki ba ni shawara, kaina ya kulle. Na daɗe ina karanta filin nan naki ina yi wa masu rubuto miki dariya, ashe layi nake bi ban sani ba. Ki yi haƙuri in na yi ta kewaye-kewaye, takaici ne ya cika mini ciki, kuma ba ni da wanda zan amayar wa sai ke. Sunayen duk na canza su, amma labarin ban taɓa shi ba.

Ni malamar firamare ce a nan Jimeta. Iyayenmu daga wajen Numan suka zo, Baba ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, yanzu ya rasu. Mu uku ne a wajen Mama: babbarmu Adda Kezia, sai ni, sai autanmu Othniel. A kan autan nan nake rubuto miki.

Othniel ya haura talatin, kuma yana da shafi a intanet na ba matafiya shawara. Kin ji fa, matafiya. Da Turanci yake rubutawa, da sunan Kyaftin Shamuwa, ya sa hoton fiffiken jirgi a maimakon fuskarsa. A can yake koya wa duniya yadda ake tara makin da kamfanonin jirgi ke ba masu yawan hawa, da kujerar da ta fi daɗin barci, da filin jirgin da ya fi kyan banɗaki. Goggo, mutumin nan sau ɗaya ya taɓa hawa jirgi a rayuwarsa, daga Yola zuwa Abuja, shi ma sai da ya cika ledar amai har ya ari ta maƙwabcinsa. Dawowa kuwa a mota ya yi. Ko fasfo ba shi da shi. Shamuwa ko ba komai tana tafiya ta dawo, amma namu kyaftin daga gindin darbejiyar ƙofar gida zuwa shagon mai cajin waya, iyakar duniyarsa ke nan. In jirgin Abuja ya gifta ta saman unguwa sai ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, an samu labarin gobe.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kanun da yake sa wa labaran. Bari in fassara miki kaɗan ki ji. "Abin da ma'aikatan jirgi ba sa so ka sani." "Na zauna a kujerar nan, rayuwata ta canza har abada." "Kada ka kuskura ka sha shayin jirgi kafin ka karanta wannan." Akwai ma wani da ya lissafa kurakuran da talakawa ke yi a filin jirgi, wai na huɗu zai sa ka kuka. Na danna, na ce bari in yi kukan in huta. Sai da na tsallake tallar maganin basir, da ta maganin tumbi, da ta wani mai cewa zai kai ni Kanada, kafin na iso wajen kuskure na huɗun: wai kada ka sa takalmi mai igiya. Datata ce ta ƙare, ita na yi wa kuka.

Na sha yi masa magana. Amsarsa kullum ɗaya ce, wai kanu ƙugiya ce, ba a kama kifi da zare tsura, kuma babu wanda zai danna labarin da ya ce komai lafiya lau. Yawan masu dannawa shi ne abincinsa. Na ƙyale shi, don ya yi shekaru da gama makaranta yana zaga ofisoshi da takardu a hammata, har takalminsa ya san hanyar sakatariya da kansa. Da ya samu wannan abin yi, na ce to, ko banza ya daina kwana da rana. Mama ma har alfahari take yi, tana gaya wa matan zumunta a coci cewa autanta aikin jirgin sama yake yi. Ni kaɗai ce a gidan na san shi ne Kyaftin Shamuwa, shi ma don na taɓa aron kwamfutarsa in buga jarrabawar yara.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Adda Kezia nas ce. A shekarun da bama-bamai suka riƙa tashi a Jimeta tana aiki a wani asibiti a nan, kuma tana bakin aiki ranar da aka yi ta shigo da mutane daga kasuwa. Ta dawo gida da farin kayanta sun rine, ta zauna a bakin rijiya. Har yau ba ta taɓa ba mu labarin abin da ta gani ba. Daga lokacin ko murfin tukunya ya faɗi sai ta zabura. Ba a jima ba mijinta Hamma Boaz ya samu hanya, suka tafi Ingila da jaririyarsu Edna. A can ta haifi Hosea. Tun da ta sa ƙafa ta fita ba ta dawo ba, kuma ni ban taɓa ganin laifinta ba.

Bana, bayan roƙo da addu'a da sa bakin fasto, ta yarda za ta zo Kirsimeti da yaran. Ki ga Mama ranar! Matar da ke tashi da kyar, sai ga ta tana ba da umarni kamar sajan. An sake fentin ɗakin Adda, an sayo sabon gidan sauro. Ta aike ni wajen masuntan tafkin Njuwa na sayo kifi aka yi banda, ta sa aka shanya kuɓewa, wai jikokinta ba za su koma ƙasar sanyi ba su san ɗanɗanon miyar gidansu ba. Hosea bai taɓa ganinta ba sai ta waya, kullum tambayarta ita ce ko ya kai tsayin tagar kicin.

Ana cikin haka kyaftin ɗinmu ya ga kasuwa ta ja baya, masu dannawa sun ragu, sai ya waiwayo garinsu. Ya buga labari da kanu kamar haka: "Na sauka a Yola da ƙananan yara. Ba zan sake wannan gangancin ba." A ƙarƙashi ga hoto, baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama, ga mutane suna gudu. Goggo, na san wurin nan kamar tafin hannuna. Gonakin shinkafa ne na bakin Njuwa, an gama girbi ana ƙona tattaka, masu gudun kuma samari ne da sanduna suna bin gafiyoyin da wuta ta koro. Ya fara labarin da zancen yankin da ya sha bama-bamai, ya ja, ya ja, sai can ƙasa, bayan talla ta ishe ka, za ka tarar da gangancin: wai zafin Yola yana sa wa yara ƙuraje, a zo da hula da ruwan sha. Shi da ko budurwa tsayayyiya ba shi da ita, ina ya samo ƙananan yara? Zafin ma da yake faɗa na watan Afrilu ne. Wa ke ƙurajen zafi a Disamba?

To ashe Hamma Boaz, mai digiri biyu, mai gyara wa mutane Turanci a wajen biki, yana cikin manyan almajiran Kyaftin Shamuwa. Shekara da shekaru yana bin shawararsa yana tara maki, bai san ƙanen matarsa ne da ya taɓa saya wa takalmin makaranta ba. Shi ya turo labarin cikin guruf ɗinmu na gida a waya, ya rubuta a ƙasa cewa ya ɗage tikiti sai al'amura sun lafa, don ba zai kai 'ya'yansa inda ƙwararren matafiyi ya ce ganganci ne ba. Othniel yana cikin guruf ɗin. Kin san abin da ya yi? Hoton hannuwan nan biyu na addu'a ya tura.

Na kira Hamma Boaz na ce ya karanta har ƙarshe, maganar zafi ce kawai. Ya ce ya karanta rabi ya gane sauran, wai irin waɗannan manyan ba sa iya fitowa fili su faɗi komai, sai mai hankali ya fahimta. Ya ƙara da cewa mu na gida mun saba da haɗari har ba ma ganinsa. Na ce masa hoton gonar shinkafa ce, ya ce haka gwamnati ke so mu ɗauka. Adda kuwa ko buɗe labarin ba ta iya yi ba, hoton kaɗai ya mayar da ita bakin rijiyar nan. Da muka yi waya ta tambaye ni jikin Mama, na ce da sauƙi. Sai ta yi ajiyar zuciya ta ce to tunda da sauƙi, a bari sai Ista.

Goggo, ba sauƙin. Zuciyar Mama ta gaji. Ƙafafunta sun kumbura har zane ba ya rufe su, ba ta iya kwanciya sai a jingine, daga ɗaki zuwa tsakar gida sai ta huta a hanya. Likitan da ke duba ta ya ja ni gefe ya ce in akwai na nesa a kira su. Ban tambaye shi Ista ba, don fuskarsa ta riga ta ba ni amsa.

Amma kin san yadda muke. Ba a tayar wa na nesa hankali. Mama da kanta ta kafa mini doka, ta ce 'yarta tana ƙasar mutane, ga aiki ga yara, in na kuskura na ɗora mata damuwa ba ta yafe ba. Duk ranar Lahadi in za su yi waya ta bidiyo, sai ta sa in ɗaura mata ɗankwalin zumunta, in shafa mata hoda, in tokare ta da filo ta ko'ina, in ja bargo in rufe ƙafafun. Ta yi ta dariya tana tsokanar Hosea, ana kashe waya ta koma tana neman numfashi. Haka aka yi lokacin Baba ma. Kawunnanmu suka ce a gaya wa Adda jiki ya ɗan matsa, alhali an riga an kai shi ɗakin ajiye gawa, sai da aka samu faston cocinsu na can ya je har gida ya sanar da ita. Tana da tsohon ciki a lokacin, ba ta samu jana'iza ba. Al'adarmu ce, ba ni na ƙirƙiro ta ba.

Na tsare Othniel a gindin darbejiyarsa na wanke shi tas. Na ce ya goge labarin, ya kira yayarsa ya faɗa mata shi ne. Ya yi ta rantsuwa bai san Hamma Boaz na karanta shi ba, har da hawaye. Amma gogewa fa, wai ba zai yiwu ba, don tun da ya buɗe shafin babu labarin da aka danna kamarsa, har wasu shafukan sun kwafa sun baza, ko ya goge nasa yana nan a wajensu. Ya ce zai gyara ɓarnar da sabon labari. Washegari na duba, ga gyaran: "Gaskiya game da Yola da ba wanda zai faɗa maka." Da hoton shingen sojoji. A ciki wai yabon kifinmu yake yi. Hamma Boaz ya sake turowa guruf, ya ce kun gani ko? Hannun yaron nan ya riga ya karkace, ko gaisuwar mutuwa ka ce ya rubuta sai ya sa mata ƙugiya.

Ya durƙusa ya roƙe ni kada in tona shi. Adda ce ta goye shi, ita ta yi masa wanka ta kai shi makaranta, ya ce in ta ji shi ne ya yi kasuwanci da ranar da ta fi kowace muni a rayuwarta, ba za ta sake kallonsa ba. Hamma Boaz kuma zai mayar da shi abin ba'a har jikoki. Mama in ta ji aikin jirgin nan ƙarya ne, kuma shi ya tare mata hanyar jikokinta, ban san abin da zuciyar nan za ta yi ba.

Shekaranjiya Mama ta sa na sauko da kifin bandan na sake shanya shi don kada ya yi ƙwari. Ba wanda ya gaya mata an ɗage tafiyar. Ni kuma ina tsakiya, in na tona ƙanena na fasa gida, in na yi shiru Adda ba za ta zo ba. Wallahi wani lokacin ji nake kamar in ɗauki kwamfutar nan in jefa ta a kogin Binuwai. Goggo, in tona shi ko in rufa masa? In kuma akwai wata dabara da zan shawo kan Hamma Boaz ba tare da sunan Othniel ya fito ba, ki nuna mini.

Taki,
Malama mai cin alli don takaici, Jimeta

*

'Yata Malama,

Sannu da ɗawainiya. Jinyar uwa ga aikin aji ga wannan kaya a ka, ba ƙaramin abu ba ne, Allah ya ba ki lada. Na karanta wasiƙarki na yi dariya, daga baya dariyar ta ɗauke.

Bari in fara da kyaftin, tunda shi kika kawo ƙara. Ban ga abin kare shi ba. Na san irin shafukan nan, jikokina suna turo mini su, kowanne da kanunsa kamar mai shelar gobara, ka shiga ka tarar ko ashana ba a ƙyasta ba. Da a kan shayin jirgi da igiyar takalmi ya tsaya, da na ce yunwa ce, a bar shi ya ci abinci, wanda ya danna shi ya so. Amma garin nan an binne mutane a cikinsa. Akwai gidajen da har yau ba a buɗe wani ɗaki. Mutum ya ɗauki wannan tabon ya yi tallar maganin basir da shi, ɗan garin kuma, wanda ya ga yayarsa ta dawo da jinin mutane a riga, wannan ya wuce neman abinci, rashin ta ido ne. Su masu irin wannan sana'a suna ɗauka masu karatunsu lambobi ne a kan allo. To ga lambar ta yi fuska, ta zama yayarsa.

Surukinku kuma, Allah ya shirye shi. Ya ƙi yarda da ke da kike kwana kike tashi a garin, ya yarda da fiffiken jirgi. Sai dai kada ki haɗa shi da Kezia a kwando ɗaya, kuma shi ma kada ki cika tsananta masa. Uba ne, tsoron da yake yi wa 'ya'yansa ba laifi ba ne, inda ya je neman labari ne ya yi wauta. Ita kuwa yayarki, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba gardama ce za ta warkar da ita ba.

Yanzu ki gyara zama, don abin da zan faɗa ba shi kika tambaya ba. Kezia ba labari ɗaya ta duba ta ɗage tafiya ba, biyu ta auna. Ɗaya ya ce mata gari na ci da wuta, ɗaya ya ce mata uwarta na samun sauƙi. Duk mai hankali aka ba shi waɗannan biyun, Ista zai zaɓa. Na farkon ƙanenki ya rubuta. Na biyun fa? Shi ya ɗauki ƙaramin abu ya hura shi, ku kun ɗauki babban abu kun shafa masa hoda kun ja masa bargo. Laifi tudu ne, 'yata. Ki duba wasiƙarki, da bakinta ta ce miki tunda da sauƙi a bari. Ko yau aka goge shafin kyaftin daga doron ƙasa, muddin Mama tana dariya a waya da ɗankwalin zumunta, yayarki ba ta da dalilin yin gaggawa.

Ban raina al'adar ba, mu ma a Yola Gari haka muka tashi muka tarar. Ana tambayar mai jiki a ce da sauƙi, fata ce da addu'a, kuma akwai tausayi a ciki. An yi ta ne a zamanin da na nesa in ya ji labari ba abin da zai iya sai kuka, kafin ya iso an yi bakwai. Yau Kezia tana iya karyawa a gidanta ta kwana a Abuja, washegari ta ci abincin rana a ɗakin uwarta. Ɓoye mata a yanzu ba tausayi ba ne, hana ta zaɓi ne. An yi mata haka a kan mahaifinta, ta haɗiye. Ba na jin za ta haɗiye na biyu, kuma wannan karon ba kawunnai za ta tuhuma ba, ke ce kike riƙe da wayar.

Don haka kafin ki taɓa maganar Othniel, ki kira yayarki ita kaɗai, ba a guruf ba, a lokacin da kika san ta tashi daga aiki tana zaune. Ki faɗa mata abin da likita ya ce, yadda ya faɗa, ba ragi ba ƙari. Nas ce, kumburin ƙafa da kasa kwanciya ba sai an yi mata fassara ba. Ki roƙi likitan ya yi magana da ita kai tsaye, su sun san yaren junansu. Ki kuma gaya mata kada ta ɗaura zuwanta a kan Kirsimeti, ta zo da zarar ta samu izini a wajen aiki. In mijinta bai natsu a kawo yara ba, kada ki tsaya ja da shi, ta fara zuwa ita kaɗai. In ta zo ta ga gari da idonta, ita za ta kira shi ta ce ya taho da su, gani ya kori ji.

In ta tambaye ki halin gari, kada ke ma ki yi mata kanu. Kada ki ce babu komai, don ta san ƙarya ne. Ki ce mata akwai shingaye, akwai hanyoyin da ba a bi in rana ta faɗi, kuma kasuwa na ci, yara na zuwa makaranta, ke kanki kullum kina fita kina dawowa. Ki yi mata alkawarin za ki tarbe ta a filin jirgi, kuma ba wanda zai matsa mata ta bi ta kasuwa ko ta ƙofar asibitin nan.

Dokar Mama kuma, kada ki karya ta a ɓoye. Ki zauna kusa da ita, ki sanar da ita an ɗage tafiyar, domin hakkinta ne ta sani, ki kuma gaya mata dalili: 'yarta ta ɗauka ta warke. Ki tambaye ta wanne ta fi so, Kezia ta kwana da damuwa ta zo, ko ta kwana da daɗi ta zauna. Uwar da ke sake shanya kifi na san amsarta. In kina jin nauyi, ki tafi da wata babba daga matan zumunta da Mama ke jin maganarta. Zancen wane ne kyaftin kuwa, ba na Mama ba ne yanzu, kada ki ɗora wa zuciyarta.

Shi Othniel, ba aikinki ba ne ki tona shi, kuma ba aikinki ba ne ki yi masa gadi. Ki gaya masa a fili cewa daga yau ba za ki yi ƙarya dominsa ba, in Adda ta tambaye ki za ki faɗa. Ki ba shi zuwa Lahadi ya kira ta da bakinsa. Ya je gonar nan ta Njuwa ya tsaya daidai inda ya ɗauki hoton, ya nuna mata tokar tattaka ta bidiyo, ya ce ni ne, na yi kuskure. Ya sauke hoton, ya sa wa labarin sunan abin da ke cikinsa, ko da mutum uku ne za su danna. Waɗanda suka kwafa ba ya iya hana su, amma nasa yana hannunsa. Za ta yi fushi, ta kuwa isa. Sai dai wadda ta goya ka tana iya yafe abin da ka faɗa mata da kanka, abin da ta tsinta a bakin wani ne ke zama dutse. Ba'ar suruki kuma ya sha, ai ya saye ta da kuɗinsa. Ki bar kwamfutar a inda take, Binuwai ba ta yi miki laifin komai ba. Mai iya sa dubban mutane su danna labarin igiyar takalmi yana da baiwa, kunya ce ya rasa, ita kuma ana koyonta.

Ban yi miki alkawarin Kezia za ta zo ba. Mai yiwuwa ta ji komai, tsoro ya fi ƙarfinta. In haka ta faru kada ki zarge ta, ki riƙa kunna mata bidiyo kullum, ba hoda ba bargo, ta yi jinyar uwarta da ido. Amma zuwa ko rashin zuwa, ita za ta yanke, da cikakken sani. Kada ku yanke mata a karo na biyu.

Ki ajiye jaridar nan ki ɗauki waya. Allah ya ba Mama lafiya, ya sassauta mata, ya kawo 'yarta ta same ta da ranta, ke kuma ya ba ki ƙarfin bakin faɗa.

Taku,
Goggo Hansai